Kasuwa ta shigo cikin salula: kada mu yi cinikin biri a sama

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, da ku masu cefanen gida, yau za mu tattauna a kan wata sabuwar kasuwa. Ba ta da rumfa, ba ta da ranar ci, kullum cike take dare da rana. Tana cikin wayar salula. Akwai riba a cikinta, akwai kuma asara ga wanda ya shige ta da ka. Saboda haka ya kamata mu san yadda take.

Yaya wannan kasuwa take?

Manomi ya ɗauki hoton kayan garkarsa, ya sa a WhatsApp ko Facebook, ya faɗi farashi da baki ko a rubuce. Mai saye yana Doso ko Yamai, ya gani, ya kira, su yi ciniki. Sai ya aiko kuɗi ta waya, ko ta gidajen aiken kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza. Manomi ya kai kaya tasha, ya ba direba, ya ba mai saye lambar direban. Shi ke nan, an yi kasuwa ba wanda ya bar garinsu. Gidan waya na ƙasa ma, wato Niger Poste, ya buɗe irin wannan kasuwa ta intanet, ya sa mata suna Kaomini, ma'ana "kawo mini".

Me ya sa ta shafe mu?

Allah ya ba Arewa ruwa kusa a cikin Dallol Mawri. A Dogon Dutsi ana noman rani a gefen Tapkin Saw, kuma dankalin turawa na garin ya yi suna har Yamai. Sukukutan an san ta da albasa. A gundumar Tibiri, wadda aka cire daga Dogon Dutsi a shekarar 2011, fadamun wajen Geceme da Dumega suna ba da rake da rogo da dankali. Ga wake, ga gyaɗa, ga man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da mata suke yi, ga zogale.

Matsalar kowa ya san ta. Ana shuka dankalin turawa da shigowar sanyi, bayan kamar wata 3 kowa ya tono nasa a lokaci guda. Kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi. Tumatir da salati kuwa ba su jiran kowa. Manomin da ya kai su kasuwa dole ya sayar kafin rana ta faɗi, ko nawa aka taya. Shi ya sa ake cewa kasuwa a kai miki dole. Masu cin kayan kuma da yawa suna Yamai, wajen kilomita 270 daga Dogon Dutsi. Tsakanin garka da tukunya kaya yakan bi hannu uku ko huɗu, kowane hannu da ribarsa.

An nemi magani ta hanyar ajiya. Manoman Dogon Dutsi, tare da ƙungiyar masu noman rani ta FCMN-Niya da abokan hulɗa na garin Orsay na ƙasar Faransa, sun samu ɗakin sanyi na ajiyar dankali, don a jira farashi ya tashi. Salula kuma tana kawo magani na biyu: manomi ya samu mai saye tun kaya yana garka.

Waya ta daɗe tana gyara ciniki

Wannan ba zance ne na baka kawai ba. Wata malamar jami'a ta ƙasar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga shekarar 2001 zuwa 2006, lokacin da salula take yaɗuwa. Ta gano cewa inda waya ta iso, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili shi ne ɗan kasuwa yana iya tambayar farashi kafin ya ɗora kaya a mota.

A shekarun 2009 da 2010 an yi wani gwaji mai suna ABC a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Damagaram. A wasu azuzuwan yaƙi da jahilci an koya wa manya aiki da salula, a wasu ba a koya ba. Waɗanda suka koyi salula sun fi sauran ƙoƙari a rubutu da lissafi. A shekarar 2017 kuma majalisar manoma ta ƙasa, RECA, ta buɗe cibiyar da manomi yake kira ko ya aika saƙon murya, malaman gona su ba shi amsa da harshensa. Ma'aikatar SIMA ita ma tana tattara farashin kasuwanni tana sanarwa. Duk wannan ilimi ne na kyauta ko na kuɗi kaɗan. Mu neme shi kafin mu taya, kafin mu sallama.

Ina haɗarin yake?

A kasuwar gari mai saye yana taɓa kaya, ya shinshina, ya ɗaga buhu ya ji nauyi. Gani ya kori ji. A salula kuwa hoto kawai yake gani. Hoton yana iya zama na bara, ko na garkar wani. Wanda ya biya kuɗi a kan hoto kaɗai ya yi cinikin biri a sama. Saboda haka kafin mu aika ko dala ɗaya, mu yi waɗannan tambayoyi biyar, kuma mu nemi amsa a rubuce ko cikin saƙon murya wanda za mu ajiye.

1. Wane ne mai kayan? Ɗan wane gari ne, wace ƙungiya yake ciki, wa ya san shi a cikin mutanenmu?

2. Mene ne awo? Buhu suna ya tara, tiya ma akwai babba akwai ƙarama. A faɗi kilo, a nuna kayan a kan sikeli.

3. Yaushe aka cire kayan, yaushe kuma aka yi masa feshi na ƙarshe?

4. Wa zai biya mota da ɗan dako, wace rana kaya zai iso?

5. In kaya ya lalace a hanya, asarar wa ce?

Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ce a yi maza a turo kuɗi kafin wani ya riga, a yi hattara da shi. A cinikin farko a sayi kaɗan, a ba da rabin kuɗi, sauran sai kaya ya iso. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Lambar sirri ta asusun waya kuwa ba a ba kowa ita, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne.

Mu yi lissafi tare

Ga misali don koyo. A ce buhu mai kilo 25 an sallama shi jikka 8, wato sefa 8000. Mota sefa 1000. Kuɗin aike sefa 200. Ɗan dako sefa 300. Jimla sefa 9500. In muka raba 9500 gida 25, kowane kilo ya tashi sefa 380. To, in kilo 2 ya ruɓe a hanya, saura 23, kilo ya koma wajen sefa 413. Wannan adadi na ƙarshe shi za mu gwada da farashin kasuwar garinmu. A nan ne za mu san ko mun yi araha ko mun yi tsada.

Lafiyar iyali tana gaba da araha

Hukumar lafiya ta duniya tana ba da shawara babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da ƴaƴan itace kowace rana. Dankali da rogo ba su cikin wannan lissafi. Kayan garka sabon cira yana ƙara wa yara da mata masu ciki ƙarfin jiki. Amma in kaya ya iso, mu duba abu huɗu.

Na farko, dankalin turawa da ya yi kore ko ya yi tsiro yana da dafi, kuma dafuwa ba ta kashe shi. In koren kaɗan ne a yanke shi da zurfi. In ya yi yawa ko yana ɗaci, a zubar.

Na biyu, gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Suya ba ta kawar da ita. A tsince ƙwayar da ta yi baƙi ko ta motse. Kada a yi ƙuli-ƙuli da ita, kada a ba yara.

Na uku, kowane maganin ƙwari na ƙwarai an rubuta a jikin kwalbarsa kwanakin da za a jira tsakanin feshi da cira. Manomin da ya yi feshi yau ya cire gobe don mai saye yana gaggawa, ya aika wa mutane ciwo cikin kwando.

Na huɗu, salati da tumatir da duk abin da ake ci ɗanye, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, a wanke hannu da sabulu. Wanda yake son sa ruwan jabel ya tambayi ma'aikacin lafiya yawan ɗigon da ya dace.

Ga masu sayarwa

Ku ma amana tana wuyanku. Hoton da za ku nuna ya zama na kayan da za ku aika. Kada a sa manya a bakin buhu, ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a salula kuwa labarin ha'inci yana zagaya gari kafin mota ta dawo. A cire kayan ganye da sanyin safiya ko na marece, a ajiye a inuwa, a sa tumatir cikin kwando ko akwatin da iska take shiga. A rubuta suna da lambar mai karɓa a jikin kaya. Kada ku ba da kaya don an nuna muku hoton saƙon kuɗi. Ku duba asusunku da kanku, ko ku je gidan aiken ku karɓa.

Mun san ba kowa yake da babbar waya ba, musamman mata a ƙauye, kuma ba ko'ina rezo yake kamawa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar mata masu man gyaɗa ko ta masu garka tana iya riƙe waya ɗaya, ta zaɓi mutum biyu masu karatu: ɗaya ya riƙe waya, ɗaya ya riƙe littafi. A rubuta sunan mai saye, da kilo, da kuɗin da aka bayar, da wanda ya rage. A karanta littafin a gaban kowa ranar taro. Masu saye ma su haɗu gida biyar ko goma su yi oda ɗaya, kuɗin mota ya yi musu sauƙi.

Ƴan'uwa, kasuwar salula ba za ta tashi kasuwar Juma'a ta Dogon Dutsi ba, ƙari ce a kanta. Jarinta biyu ne: amana da rubutu. Wanda ya riƙe su zai sayar da kayansa da daraja, ya ciyar da iyalinsa abinci mai kyau. Ku karanta wa maƙwabtanku wannan shafi, ku kwafe tambayoyin nan biyar a littafinku. Allah ya sa albarka a garkunanmu, ya ba mu lafiya da kasuwa mai kyau.