Ƙanzo, Tsaki da Ɗumame: Abubuwan Mamaki a Tukunyar Shinkafar Asiya

A ƙasar Tailan, idan maƙwabci ya tarar da kai a ƙofar gida, tambayar da zai fara yi maka ita ce ko ka ci shinkafa. Gaisuwa ce kawai, kamar yadda mu za mu ce ina gajiya. Haka ake gaisawa a Sin da Koriya da Biyetnam. A Japananci kuwa, kalmar gohan tana nufin dafaffiyar shinkafa, tana kuma nufin abinci dungurungum, har karin kumallo ma "shinkafar safe" suke ce masa. Bahaushen da yake cewa ya fita neman tuwo, alhali kuɗin makarantar yara ya fita nema, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kusan kashi 90 cikin 100 na shinkafar duniya a Asiya ake noma ta, a can kuma ake cinye ta. A kwarin kogin Yangtze na ƙasar Sin aka fara shuka ta, sama da shekara 8,000 ke nan, kuma rumbun cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Los Baños a Filifin yana ajiye da iri sama da 130,000. Amma ni abin da ya fi kama zuciyata shi ne yadda matan gida a can ba sa barin ko ƙwaya ɗaya ta salwanta, da yadda ragowar abincin talaka ta zama abin alfaharin ƙasa.

Mu fara da ƙanzo. Kowace ƙasa da sunan da ta raɗa masa: nurungji a Koriya, guoba a Sin, okoge a Japan, tutong a Filifin. Mutanen Koriya idan sun kwashe shinkafa sai su zuba ruwa a kan ƙanzon, su tafasa, su sha bayan cin abinci kamar shayi. Sunansa sungnyung. Amma babu inda ƙanzo ya samu sarauta kamar Iran. Tahdig suke kiransa, wato "gindin tukunya", kuma da gangan ake yin sa. Uwargida za ta tafasa shinkafar rabin dahuwa, ta tace, ta zuba mai a tukunya, wani lokaci ta shimfiɗa gurasa ko yankakken dankali a ƙasa, ta juye shinkafar a kai, ta naɗe murfi da ƙyalle don ya shanye tururi, ta bar ta a kan wuta kaɗan-kaɗan. Idan ta nuna sai a kife tukunyar a faranti, ƙanzon ya fito a sama jajawur. Baƙo ake fara miƙa wa, kuma da shi ake auna hannun mai girki. Duk wanda ya taɓa cin kwaɗon ƙanzo da ƙuli-ƙuli ya san ba su yi kuskure ba.

Sai tsaki. A kudancin Biyetnam, karyayyar shinkafar da ta rage bayan casa manoma ne ke ci, saboda ba ta da daraja a kasuwa. Yau cơm tấm, wato dafaffen tsaki, shi ne abincin da aka san birnin Saigon da shi. Tsakin nan har Afirka ya ƙetaro: Faransawa 'yan mulkin mallaka sun riƙa kwaso shi daga yankin Indocina suna kaiwa Senegal, shi ya sa har gobe da tsaki ake dafa cebbu jen, shinkafa da kifin da Senegal ke taƙama da ita.

Ɗumame ma ba a bar shi a baya ba. Mai girki a Sin ko Indonesiya ba za ta soya shinkafar da aka sauke yanzu ba, sai wadda ta kwana. Dalili kuwa, idan shinkafa ta huce sitacin cikinta yana ƙanƙamewa, danshin jikinta ya ragu, sai ta soyu wara-wara maimakon ta caɓe. A Bangaladash da gabashin Indiya kuma ruwa ake zuba wa ragowar ta dare, ta kwana a jiƙe, da safe ta ɗan yi tsami, a ci da gishiri da albasa da ɗanyen barkono kafin a tafi gona. Panta bhat ke nan. A jihar Odisha ta Indiya ana kiranta pakhala, har rana aka ware mata, 20 ga Maris.

Kofin awon da ke zuwa da tukunyar shinkafa ta lantarki mililita 180 yake ci, kuma akwai tarihi a bayansa. Tsohon ma'aunin Japan ne mai suna go. Go dubu shi ne koku ɗaya, kimanin lita 180, abin da aka ƙiyasta zai ci da mutum ɗaya shekara guda. Da koku ake biyan albashin mayaƙan samurai, da shi ake auna arzikin hakimi. Masarautar Kaga an san ta da koku miliyan ɗaya.

Ita kanta tukunyar, kamfanin Toshiba ne ya fara fitar da mai kashe kanta a 1955. Wani mai ƙaramar masana'anta, Yoshitada Minami, shi ya ɗauki aikin, amma matarsa Fumiko ce ta yi ta dafa shinkafa ba dare ba rana, cikin zafi da cikin sanyi, tana rubuta awon zafin tukunya, har aka gano lokacin da ya kamata wuta ta ɗauke. Dabarar da ake amfani da ita yau mai sauƙi ce: muddin da ruwa a tukunya, zafinsa ba ya wuce digiri 100, da zarar shinkafa ta shanye shi sai zafin ya haura, makunni ya faɗi. Kafin nan matan Japan tun asuba suke tashi gadin murhu. Wani abin kuma, Masaru Ibuka, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Sony, tukunyar shinkafa ya fara ƙerawa a 1945. Ba ta yi kyau ba, wani lokaci ta bar shinkafa da tsakiya, wani lokaci ta dafe ta luguf, ba a ma kai ta kasuwa ba.

Duk da na'ura, tsofaffi daga Manila har Seoul da yatsa suke awon ruwa. A daidaita shinkafa, a ɗora kan yatsa a samanta, ruwa ya kai gaɓar farko.

To, taliyar shinkafa fa? Da farko a sani cewa Indomie, duk da daga Indonesiya ta samo asali, da alkama ake yin ta. Alkama tana da danƙon da ke sa kwaɓi ya miƙu, shi ya sa ake murza taliya 'yar gida a inji ta fito ba ta tsinke ba. Garin shinkafa ba shi da wannan danƙon, sai aka nemo hanya biyu. Ko dai a dama ƙullu, a zuba siriri a faranti, a turara, a ɓamɓare, a yayyanka, wanda shi ne ho fun na mutanen Guangzhou a Sin. Ko kuma a matsa kwaɓin ta cikin wani abu mai ƙananan ramuka ya zubo kamar zare. Matan Kerala ta Indiya da na Siri Lanka haka suke yin idiyappam da sassafe, su matse shi a kan 'yan faifai, su turara, a ci da madarar kwakwa ko miya. Tsohuwar shinkafa ta fi sabuwa yin taliya mai ƙwari. Kuma siririyar busasshiya ba a tafasa ta kamar ta alkama. Jiƙa ta ake yi a ruwan ɗumi har ta yi laushi, sannan ta ƙarasa nuna a kaskon suya.

Pad thai, taliyar shinkafa ta Tailan da ake ɗauka abincin kaka da kakanni ce, ba ta kai shekara ɗari da shahara ba. Firaminista Plaek Phibunsongkhram, wanda ya sauya sunan ƙasar daga Siam zuwa Tailan a 1939, shi ne gwamnatinsa ta dage da kiran jama'a su rungumi cin taliya a shekarun yaƙin duniya na biyu. Kayan haɗinta ba baƙi ba ne a wurinmu: tsamiya, dakakkiyar gyaɗa, ƙwai, barkono, lemon tsami. Shi kuwa pho, romon naman sa da taliya, a arewacin Biyetnam aka haife shi farkon ƙarni na 20, ya bi masu ƙaura zuwa kudu da aka raba ƙasar a 1954, ya sake bin 'yan gudun hijira zuwa Amurka da Faransa bayan 1975. A Myanmar da romon tarwaɗa da taliyar shinkafa ake karya kumallo, har da ɓargon bishiyar ayaba a ciki. A lardin Yunnan na Sin akwai wadda ake kira "taliyar ƙetare gada". Wai wata mata ce ke kai wa mijinta abinci wani tsibiri inda yake karatun jarrabawa, kullum kafin ta isa ya huce, sai ta lura cewa idan maiƙon kaza ya rufe saman romo zafinsa ba ya fita. Labarin almara ne, amma dabarar gaskiya ce, kuma har yau a teburi ake zuba ɗanyen nama yankan siriri a cikin romon ya dahu nan take.

Mutanen Lawos suna kiran kansu "'ya'yan shinkafa mai danƙo". Jiƙa ta suke yi ta kwana, su turara a kwandon gora, su dunƙula da hannu su dangwala a miya, tamkar loma. Danƙon nata ya sa magina a Sin, a zamanin daular Ming, 1368 zuwa 1644, suka riƙa dama kununta da farar ƙasa suna ɗaura bulo, kuma ganuwar birnin Nanjing tana tsaye har yau. A Japan kirɓa ta ake yi a turmi ta zama mochi na sabuwar shekara. Yana da daɗi, yana kuma shaƙe tsofaffi, shi ya sa hukumar kashe gobara ta Tokyo ke gargaɗi duk shekara a yanka shi ƙanana.

Ranar ƙaramar Sallah a Indonesiya da Malesiya, ketupat ne a kan tabarma: a saƙa 'yar jaka da ganyen kwakwa, a zuba shinkafa, a tafasa har ta kumbura ta cure. A Japan da Sin kuwa kada ka kuskura ka kafa tsinken cin abinci a tsaye cikin kwanon shinkafa, domin mamaci ake yi wa haka.

Farar shinkafa ta taɓa kashe mutane da yawa ba a san ita ce ba. A 1883 jirgin ruwan sojan Japan mai suna Ryujo ya dawo daga doguwar tafiya, mutum 169 cikin 376 sun kamu da ciwon beriberi, 25 sun mutu. Likita Kanehiro Takaki ya sa aka sauya abincin wani jirgin da ya bi hanya ɗaya a 1884, aka ƙara nama da madara da sauransu, ba wanda ya mutu da ciwon. A tsibirin Java kuma Christiaan Eijkman ya lura kajin da ke cin gogaggiyar shinkafa suna shanyewa, masu cin mai dusa suna lafiya, abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1929. Ashe bitamin B1 a dusar yake. Turara shinkafa tun tana shanshera, kamar yadda ake yi a Indiya kuma matan Kura da na Kebbi ke yi, yana tura bitamin ɗin cikin ƙwayar kafin a cashe.

Abu ɗaya nake roƙon mai karatu da zai gwada soyayyar shinkafar da ta kwana. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da dahuwa ba ta kashe irinta. Idan shinkafa ta daɗe a ajiye da ɗumi sai ta hayayyafa ta fitar da guba, kuma gubar ko an sake ɗumamawa tana nan, ta sa amai cikin 'yan sa'o'i. A baza shinkafar a faranti ta huce da wuri, cikin awa ɗaya, a sa a firji, a cinye washegari. Idan babu tabbacin wuta a unguwarku, ku dafa daidai cikinku.