Gandun Stanley: Kurmi Tsakanin Birni Da Teku

A can yammacin ƙasar Kanada, a bakin Tekun Fasifik, akwai wani babban birni mai tashar jiragen ruwa da a ke kira Bankuba. Wanda ya tashi daga tsakiyar kasuwarsa, inda benaye suka yi cirko-cirko, ya nufi arewa maso yamma da ƙafa, kafin rabin sa'a zai ga gidaje sun ƙare, kurmi mai duhu ya tare shi. Wannan shi ne Gandun Stanley, wurin shan iskar mutanen birnin. Girmansa eka 1,000 ne, ruwa kuwa ya kewaye shi kusan ta ko'ina, sai ɗan wuyan ƙasa da ya haɗa shi da gari. To, yaya aka yi fili kamar wannan, a bakin ruwa inda ƙasa ta fi tsada, ya kuɓuta daga hannun masu gini?

Tun Ran Gini Ran Zane

Cikin shekarar 1886 aka yi wa Bankuba majalisar gari, sa'ad da mutanenta ba su wuce 'yan dubbai ba. Daji ya kewaye su ta kowace fuska, ba wanda ke ƙishin inuwa. Duk da haka, cikin ayyukan farko da majalisar nan ta yi har da roƙon Gwamnatin Kanada ta ba ta wannan yanki, wanda a dā aka keɓe wa soja domin tsaron mashigin tashar jirage. Gwamnati ta yarda. Ran 27 ga Satumba 1888 aka buɗe gandun, aka sa masa sunan Lord Stanley, Gwamna Janar na Kanada a zamanin. Lalle da sun jira har gari ya cika, da ba su sami ko taki ɗaya ba.

Ba a shata wurin nan bisa takarda an daddasa furanni layi-layi ba; yawancinsa kurmi ne na asali. An ƙiyasta itatuwansa sun kai rabin miliyan, akwai jan al'ul, da fir, da wanda su ke kira hemlok, waɗansu sun ɗara ƙafa 200 tsawo, watau rimi ƙaramin yaro ne a gabansu. Akwai wani tsohon kututturen al'ul mai kogo, wanda shekarunsa suka haura 600. A tsofaffin hotuna har mota a kan shigar cikinsa. Mai bin hanyoyin ciki zai ga agwagi da dinya a tabkuna, mikiya na shawagi a bisa, zalɓe kuma suna sheƙa gungu-gungu a kan itatuwan gefen gari.

Bangon Bakin Teku

Abin da ya fi jan baƙo shi ne bangon dutse da ya zagaye gandun, mil biyar da rabi, da hanya shimfiɗe a kansa, masu ƙafa gefe guda, masu keke gefe guda. An soma shi a 1917 domin igiyar ruwa, musamman wadda manyan jirage ke tayarwa, tana zaizaye gaɓa. Wani gwanin magini mutumin Sikotlan, James Cunningham, ya yi shekara 32 yana kan aikin, har bayan ya yi ritaya bai daina zuwa duba magina ba. Ya rasu a 1963 bai ga ƙarshensa ba. Sai a 1980 aka haɗe bakin bangon. Sannu ba ta hana zuwa.

In ka bi bangon daga gabas, za ka fara iske wata tsohuwar igwa da aka ƙera a Ingila a 1816. Kowane dare da ƙarfe tara a kan buga ta, da ita kuwa masu jiragen dā ke daidaita agogonsu. Gaba kaɗan ga dogayen ginshiƙan itace sassaƙaƙƙu, da siffofin tsuntsaye da namun daji, wani bisa wani. Ba gumakan bauta ba ne; tarihin zuriya ne da kirarin gidaje na mutanen ƙasar na asali. In ka dubi arewa, ga duwatsu a ƙetaren ruwa, da hunturu kawunansu fari fat da ƙanƙara. Sa'an nan ka ratsa ƙarƙashin doguwar gadar nan da aka buɗe a 1938, ka juya yamma, teku ta buɗe a gabanka, jiragen kaya sun yi zaune suna jiran shiga tasha.

A nan ne wani dutse ya ke tsaye shi kaɗai cikin ruwa, tsawonsa kamar ƙafa 50, da ɗan itace a ƙoƙon kansa. Ƙabilar Sikwamish suna da labari a kansa, cewa wani mutum ne aka mai da shi dutse domin a riƙa tunawa da kirkinsa da riƙon amanarsa ga iyali.

Waɗanda Aka Tasa

Wannan labari ya kai mu ga abin da ido ba ya gani. Masu tonon kayan tarihi sun tabbatar mutane sun zauna a yankin nan fiye da shekara 3,000. Ƙasar kakannin Sikwamish ce, da Maskwiyam, da Silewatut. A gaɓar arewa, inda yau a ke shimfiɗa tabarma a ci abinci bisa ciyawa, dā babban ƙauye ne mai suna Hwaihwai. Da aka zo yin hanyar zagaye a 1888, ta cikin gidajen mutane aka bi da ita. Tsibin ɓawon katantanwar teku da mazauna suka tara tun kaka da kakanni, shi aka haƙa aka zuba a kan hanya maimakon tsakuwa. Wani dattijon Sikwamish, August Jack Khatsahlano, ya ba ma'ajin tarihin birnin labarin yadda, yana yaro, masu awo suka zo suka sassare kusurwar ɗakinsu suna ciki suna cin abinci. Sauran iyalan da suka rage a gefen gabas aka kai su gaban shari'a, aka tashi yawancinsu a 1931.

Abin mamaki, ginshiƙan nan da baƙi ke ɗaukar hoto, da yawansu daga wurin waɗansu ƙabilu na can arewa aka kawo su. Sai a 2008 aka kafa ƙofofi uku na sassaƙa irin ta masu ƙasar, aikin Susan Point, 'yar Maskwiyam.

Kurmin kansa ma ba ya rasa jarrabawa. A Disamba 2006 iska mai ƙarfi ta kayar da itatuwa kamar 10,000 dare ɗaya, jama'a suka tara kuɗi aka sake dashe. Daga 2020 kuma wata tsutsa ta auka wa hemlok, ta kashe dubbai, har tilas aka sare masu yawa don gudun gobara da faɗowa kan mutane.

Saboda haka mai shan iska a Gandun Stanley bashi biyu ke kansa. Na farko ya gode wa waɗanda suka yi hangen nesa suka keɓe fili tun gari yana ƙarami, da waɗanda suka ƙare kwanakinsu suna ɗora dutse bisa dutse. Na biyu ya san inuwar da ya ke zaune ciki gidan wani ce a dā, ya kuma faɗa wa 'ya'yansa haka. Waiwaye, in ji masu iya magana, adon tafiya ne.