Murhu, Tukunya da Kiɗan Kwamfuta

Duk matashin Zariya da ya ce zai fara haɗa kiɗa a ɗakinsa, ko a Samaru yake daura da ABU ko a lungunan Sabon Gari, kallon amarya nake masa ranar girkinta na farko. Kayan da take buƙata ba su da yawa, sanin wanda ke gaba da wani shi ne aikin.

Murhu tukuna, wato kwamfuta. Ba sai sabuwa dal ba. Laftof ta hannu irin wadda ake samu a shagunan PZ ta wadatar, muddin ram ɗinta ya kai giga 8 kuma batirinta na riƙe caji. Kada ka yi wasa da zancen batirin nan, ɗan'uwa, don wuta ba ta sallama in za ta tafi, kuma murhun da ya mutu ana tsakiyar tuƙi gudaji yake bari a tuwo.

Tukunyar ita ce manhaja. FL Studio, wadda kamfanin Image-Line na Beljiyam ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, ita za ka fi gani a hannun masu kiɗa a nan, saboda haka in ta ƙi maka akwai maƙwabcin da za ka tambaya. In ka biya sau ɗaya, duk sabon samfurin da ya fito kyauta ne. Ta gwaji kuwa za ta bar ka ka dafa har ka rufe, amma ba za ta bari ka sake buɗe aikin gobe ba. Kwafin satar da ake tura wa mutane a filas fasasshiyar tukunya ce, ranar da ka yi baƙi take tsiyaya. Wanda aljihunsa bai kai ba ya fara da BandLab a waya, ba a biyan ko sisi.

Fiyano muciya ce kawai. Da na Yamaha situdiyoyin Kano suka tuƙa waƙoƙin finafinan Hausa a shekarun 1990, amma yau ƙarami mai maɓalli 25 da ake jonawa da kwamfuta ya isa, ko ma a jinkirta sayensa.

Inda nake so ka kashe kuɗi shi ne wurin ɗanɗano. Mai girkin da harshenta bai jin gishiri, ko tukunyar zinare aka ba ta a banza. Sayi hedifon na gaskiya, ba mai kumbura ganga don daɗin kunne ba. Makirfo mai tsananin ji, wanda sai akwatin sauti irin Focusrite ko Behringer ya ba shi wutar bolt 48, zai kwaso maka janaretan maƙwabta da hon ɗin keke napep duka cikin miyar. A ɗakin siminti mai rufin kwano, makirfon hannu na 'yan biki ya fi rufin asiri. Don rage amsa-kuwwa, jingina katifa a bango, rataya bargo a ƙofa.

Sai cefane. Sautukan da ke zuwa cikin manhaja kamar magi suke, kowa na da su, shi ya sa miyar kowa ke fitowa iri ɗaya. Daddawarka tana wajen makaɗan unguwa. Nemi mai kalangu ko mai gurmi, ka biya shi haƙƙinsa, ka ɗauki bugunsa a natse bayan dare ya yi, ka yanka shi gutsu-gutsu ka zuba a kiɗanka.