Kogin Binuwai da Wajibcin Ajiye Lissafin Kifayensa

Lafiyar ruwa ba a gane ta da kallon shekara guda, domin kogi yakan yi shekarar yalwa ya biyo ta da ta ƙunci, kuma babu mai iya rarrabe wannan juyi na ɗabi'a da lalacewa ta haƙiƙa sai wanda ya daɗe yana aunawa yana rubutawa.

Mutanen Ostareliya sun riga mu fahimtar haka game da murjani, wato halittun nan ƙanana masu gina duwatsu a ƙarƙashin teku, inda kifaye ke fakewa suna hayayyafa. Tun 1985 masanansu suke komawa wurare guda, da ma'auni guda, suna duba babban shingen murjanin da ya zarce kilomita 2,300, har a 2012 suka bayyana cewa rabin murjanin ya halaka, suka kuma raba laifin tsakanin guguwa, da wata dabbar ruwa mai cin murjani, da ɗumamar teku. Ba don haƙurin waɗannan shekaru ba, da sai dai zato, alhali zato ba ya zama hujja.

Mu a Yola da Jimeta ba mu da teku, amma muna da Binuwai, da Tafkin Geriyo, da Njuwa wanda bikin sunsa ya shahara kafin yashi da laka su cike shi. Karfasa da tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa, akasarinsu rayuwarsu ta rataya ne ga ambaliyar damina, saboda sa'ad da ruwa ya malala fadamu nan suke zuba ƙwai, 'ya'yan su yi ƙwari kafin ruwa ya janye. To, tun da aka gama madatsar Lagdo ta Kamaru a 1982, shekarar da aka gama ta Kiri a kan Kogin Gongola, zuwan ruwa ya koma hannun masu buɗe ƙofa, wani lokaci ya ƙaranta, wani lokaci ya zo da ɓarna irin ta 2012 da 2022. Ga kuma taru mai ƙananan idanu da ke kwashe ƙananan kifi, ga masu zuba guba duk da dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta, ga takin zamani da ke gangarowa daga gonakin rani.

Dattawan masunta suna cewa giwan ruwa ya yi wuyar gani, kuma shaidarsu abar girmamawa ce. Sai dai ilimin da ke cikin ƙirji yakan tafi tare da mai shi, yaro kuwa ya tashi yana ɗaukar ƙarancin da ya tarar a matsayin asali.

Saboda haka ya wajaba Jami'ar Modibbo Adama, da Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, da sarakunan ruwa su haɗu kan littafi guda, a zaɓi mashigai sanannu, kowane wata a rubuta irin kifin da aka kamo, da tsawonsa, da nauyinsa, da tsayin ruwa, ba tare da yankewa ba ko da gwamnati ta sauya. Da wannan ne za a san watan da ya kamata a ɗaga taru, da idon da ya halatta, a kuma fuskanci maƙwabta da hujja idan ana maganar Lagdo. Kifi amana ne da aka ba mu mu ci ba da israfi ba, mai amana kuwa dole ya san adadin abin da ke hannunsa.