Jakar bayan gida a ciki: yadda za ta kama fata ta daɗe

Wanda taifot ya huda masa hanji, ko jaririn da aka haifa ba dubura, wani lokaci likita kan fito da bakin hanjinsa ta fatar ciki, bayan gida ya riƙa zuba a wata jaka mai gam. A unguwanni irin su Kakuri, Barnawa ko Sabon Tasha, babban ciwon kan mai wannan lalura shi ne jakar: tana da tsada, ba kowane kemis ke da ita ba, ga zafin Maris da Afrilu da ke sa zufa ta ɓamɓare ta tun kafin lokacinta. Mai kyau kan yi kwana 3 zuwa 5.

Abin da ya fi kashe gam shi ne mai. Mu kuwa mutanen shafe-shafe ne, musamman da hunturu. Basilin, man kaɗanya, sabulu mai maiƙo, ko ɗaya kada ya taɓa inda jakar za ta zauna. Ruwan ɗumi zalla ya isa. A bushe wurin ƙarau, ko da mafici ne. Idan akwai gashi a rage shi da almakashi, don reza na yanka fata. Sai a yanka ramin jakar daidai da bakin hanjin, a bar tazarar da ba ta wuce milimita 2 ko 3 ba. In ramin ya yi faɗi, bayan gida zai ci fatar, fata mai ruwa kuma ba ta riƙe gam. A ɗumama gam ɗin tsakanin tafin hannu, a manna, a dafe shi kamar minti ɗaya. Canji ya fi sauƙi da asuba kafin a karya, lokacin hanji ya lafa. A zubar da abin da ke ciki da zarar ya kai kashi ɗaya cikin uku, nauyi ne ke janyo ta.

Super Glue, salatif da sifirit kuwa, gyaran gangar auzinawa ne: suna ƙona fata. Filastar asibiti a gefe-gefe ba laifi, amma in ta fara yoyo ta ƙasa, canji ne kawai maganinta.

Inda jaka ta gagara, iyaye da yawa na ɗaura wa jariri ƙyalle mai laushi mai tsabta. A nan ne basilin ko man zinc ke da amfani, don ba gam, fata ake karewa. A riƙa sauya ƙyallen da ya jiƙe.

Bakin hanji lafiyayye ja ne, mai danshi. In ya yi baƙi, ko bayan gida ya tsaya ga amai, ko zawo ya yi yawa har baki na bushewa, a nufi asibitin Gwamna Awan ko St. Gerard's da ke Kakuri, ba sai gari ya waye ba.