Daga barga zuwa sukuwa: matakan da yaro ke bi kafin ya zama mahayi

Da zarar Sallah ta ƙarato, ma'aikata da dama a Abuja kan fara shirin kai 'ya'yansu gida, Kano ko Katsina ko Zariya ko Bida, da burin a ga yaro bisa doki cikin tawagar hakimin garinsu. Buri ne mai kyau, musamman ganin cewa a Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Sai dai yaron da ya tashi a Gwarinpa ko Kubwa bai san barga ba, kuma darasin mako biyu ba ya mayar da shi mahayi.

Darasin farko a ƙasa ake yin sa. Yaro zai koyi tunkarar doki ta gefen kafaɗa yana yi masa magana, domin doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, kuma idan ya razana shuri yake kaiwa. Zai koyi jan ragama, da share jiki, da duba ɗaurin sirdi. Zai kuma koyi karanta kunnuwa: idan doki ya kwantar da su baya, ransa a ɓace yake.

Daga nan sai hawa, ta gefen hagu, malami na riƙe da ragama. Abin da ake nema a wannan mataki shi ne zama: baya a miƙe, diddige ƙasa cikin likkafa, ido gaba. Malamai kan ɗaura wa dokin doguwar igiya yana kewaya su, yaro kuma ya saki linzami ya buɗe hannuwa, har jikinsa ya daina dogara da bakin doki. Sai ya iya tsayarwa da juyawa a tafiyar taku kafin a ba shi sassarfa, wadda a kan sirdin Turawa ake tashi ana zama daidai da takun dokin. A nan yara suka fi daɗewa, a nan kuma iyaye suka fi ƙosawa. Sukuwa ce ta ƙarshe, cikin killataccen fili tukuna.

Wanda zai shiga hawan Sallah yana da sauran aiki. Sirdin gargajiya ya fi riƙe mahayi, amma linzaminsa kaifi gare shi. Yaron da ya fizge shi don tsoro na iya sa doki ya miƙe tsaye. Ga kuma kalangu da kakaki da ƙarar bindiga, waɗanda ba a jin su a filin koyo. Mai sha'awar folo kuwa, wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya raya a Arewa, dole ya iya sarrafa doki da hannun hagu kaɗai, domin da dama ake riƙe sanda.

Faɗuwa ba baƙuwa ba ce ga mai koyo, kuma raunin kai ne mafi haɗari. Don haka hular kwano daidai kan yaro wajibi ce tun ranar farko. Idan malami ya ce bai kai ba, gara ya kalli hawan bana daga rumfa, ya hau baɗi da lafiyarsa.