KA BA DA GONAR YARANKA AMANA TUN KANA DA RAI

Bara a wani ƙauye kusa da Bakura wata 'yar ƙungiyarmu ta rasu, ta bar yara biyu ƙanana. Ba ta da miji, uban yaran bai taɓa aurenta ba. Tana da filin shinkafa guda a cikin aikin ban-ruwa na Bakolori, wanda ta saya da guminta. Kafin wata ya ƙare 'yan'uwanta sun raba filin, yaran kuwa suna hannun kaka, babu gona, babu hatsi.

Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, fili mai samun ruwan rani ya yi daraja ƙwarai a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Inda daraja take, nan rigima take. Yaron da aka haifa ba a ɗakin aure ba kuwa, shi ake fara turewa. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye wa mutum hakki saboda yadda aka haife shi. Amma wane maraya ne ke da kuɗin zuwa kotu?

To, ga shawarar da muke bai wa gwauraye da zawarawa da duk mai renon yara shi kaɗai. Wasiyya tana da kyau, amma ba ta aiki sai mutum ya mutu. Amana kuwa tun kana da rai take kafuwa. Za ka rubuta cewa gonar nan ta yaranka ce, ka sa mai riƙo ya kula da ita har su girma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta san da wannan: Gwamna ba ya ba wanda bai kai shekara 21 ba takardar fili, amma yana iya ba mai riƙonsa a madadinsa.

Ga abin da muke so a kiyaye:

1. Zaɓi masu riƙo biyu, ɗaya daga dangi, ɗaya daga waje, domin su tsare juna.
2. Rubuta sunan kowane yaro, da iyakokin gonar, da shekarar da za a miƙa musu.
3. Faɗi inda amfanin gona zai tafi: abinci, makaranta, magani.
4. A sa hannu a gaban dagaci da shaidu, a nemi amincewar ƙaramar hukuma, lauya kuma ya duba takardar.
5. Mai riƙo ya kawo lissafi gaban ƙungiya kowace kaka.

Ajiye takarda ɗaya a gida, ɗaya a wurin magatakardan ƙungiya. Ka kuma gaya wa danginka da bakinka, kada su ji labari ranar makoki. Tun ran gini, ran zane. A taron wata mai zuwa za mu zo da samfurin takardar, kowa ya gani.